Ni da Maigidana Mun Kasa Daidaitawa a Kan Motar da Za Mu Mayar Ɗakin Zama

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekararmu uku da aure, kuma ba mu sami haihuwa ba tukuna. Maigidana yana aikin haɗa wutar sola, aikin da yake kai shi wurare masu nisa, har yakan yi mako uku ban sa shi a ido ba. Ni kuwa aikina na lissafin kuɗi ne ta intanet, duk inda na sami kwamfuta da sabis zan iya yinsa. Wannan ya sa muka yanke shawarar sakin gidan haya, mu sayi mota mu mayar da ita ɗakin zama, mu riƙa tafiya tare har tsawon shekara biyu. Matsalar ita ce mun kasa daidaitawa a kan irin motar. Shi yana son babbar mota mai akwati a baya, irin ta ɗaukar kaya, domin dogo ne, tsawonsa mita 1.86, ga kayan aikinsa masu yawa, kuma ya ce ba zai yi shekara biyu yana sunkuyo a cikin ɗakinsa ba. Ni kuma na fi son rufaffiyar mota mai jiki ɗaya, wadda wurin direba da bayanta suke haɗe. Ni ce zan riƙa yin rabin tuƙin, kuma idan ya tafi aiki ni kaɗai zan wuni a ciki. Tuƙa babbar mota yana ba ni tsoro, haka nan kwana a cikin akwatin da ba shi da hanyar shiga wurin direba. Duk lokacin da na faɗi haka sai ya ce sabo ne kawai, zan saba. Yanzu maganar ta fara kawo mana ɗacin rai, ga shi wa'adin hayarmu saura wata huɗu. Shin ni ce nake da tsoron banza? Ina neman shawara. Daga wata 'yar'uwa.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsoronki ba na banza ba ne, kuma da wannan zan fara domin na ga shi ne ya fi ci miki rai. Abubuwa biyun da kika ambata, wato tuƙi da hanyar shiga wurin direba, suna cikin manyan abubuwan da ake auna waɗannan motoci da su, daidai da tsawon rufi da faɗin gado. Amma zan kuma gaya miki cewa maigidanki ma yana da gaskiya a abin da yake nema, kuma idan kika fahimci girman gaskiyar tasa, zai fi miki sauƙi ki sa shi ya saurari taki.

Mutum mai tsawon mita 1.86 yana da dalilin damuwa da mota mai jiki ɗaya. Irin waɗannan motoci, kamar Mercedes Sprinter da Ford Transit da Fiat Ducato, masu dogon rufinsu suna da tsayin ciki na kimanin mita 1.9 zuwa 2, wasu sukan ɗan haura haka. To amma wannan awon motar da ba a taɓa ba ne. Da zarar an shimfiɗa katakon ƙasa, an sa abin tare zafi a sama da ƙasa, an rufe silin, santimita da dama sun tafi, sai ya zama kansa yana gogar rufi ko kuma dole ya ɗan karkata wuya duk lokacin da ya miƙe. Faɗin ma haka yake. Ducato, wadda take cikin mafiya faɗi, kimanin mita 1.87 ce daga bango zuwa bango, Sprinter kuwa ba ta kai haka ba, saboda haka mutum kamarsa ba zai iya miƙe ƙafa a gadon da aka gitta ba, sai dai a shimfiɗa gadon a tsawon motar, wanda zai cinye kusan mita 2 daga cikin mita 4 da ɗoriya da doguwar motar take da su. Ragowar wurin ne za ku raba wa girki da teburin aikinki da ban-ɗaki da kayan aikinsa. Akwati kuwa, a ce mai tsawon mita 4.9 da faɗin mita 2.3, yana ba da fili sama da murabba'in mita 11, alhali mai jiki ɗaya ba ta cika wuce 7 zuwa 8 ba. Ga bangon akwati a miƙe yake, kusurwoyinsa daidai, duk katakon da aka yanka zai zauna ba tare da wahala ba, saɓanin jikin ɗaya motar da yake lanƙwashe, wanda kowane kabad sai an yi masa sassaƙa ta musamman. Ga mai sana'ar sola kuma, shimfiɗaɗɗen rufin akwati abin sha'awa ne, domin kowane murabba'in mita na farantin sola yana ba da kimanin wat 200, kuma rufin zai ɗauki farantai da yawa. Idan ya kalli akwati, ɗakin kirki yake gani wanda zai gina muku da hannunsa, kuma ina kyautata zaton cewa wani ɓangare na nacinsa yana fitowa ne daga son kada a ce ya raba ki da gida ya cusa ki a ƙunci. Ki riƙe wannan a zuciyarki idan kuka zauna magana.

Inda na rabu da shi shi ne kalmar nan ta "za ki saba". Akwai abin da sabo yake magancewa, akwai kuma wanda ba ya magancewa, kuma abubuwanki biyu sun faɗa ɗaya nan ɗaya can. Tuƙi ana sabawa da shi. Mutane da yawa da suka fara da fargaba sun koyi dogaro da madubin gefe, sun koyi buɗe kwana domin tayar baya kada ta hau gefen titi, sun koyi barin tazara mai yawa kafin taka birki, kuma kyamarar ribas tana rage wahala sosai. Sai dai ko bayan sabo, girman motar yana nan yadda yake. Mai akwati takan kai tsayin mita 3 zuwa 3.5, dole direba ya riƙa karanta allon kowace gada da lura da rassan itatuwa da rumfar gidan mai. Iska mai bugowa daga gefe tana tura ta, musamman idan babbar mota ta wuce ki a guje. Sifirin ɗinta an yi shi ne domin kaya masu nauyi, don haka idan ba ta cika lodi ba takan yi ta tsalle a kan kowane rami, kayan cikin kabad suna ta kaɗawa. Tana kuma shan mai fiye da ɗayar, saboda faffaɗan gabanta yana tokare iska, kuma turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Duk wannan abu ne da za a iya jurewa, amma wanda zai jure shi rabin lokaci ke ce, saboda haka ra'ayinki a kansa rabin hukunci ne.

Batun hanyar shiga wurin direba kuwa sabo ba ya taɓa shi ko kaɗan, kuma a nan nake so in daɗe. Ki ɗauka ƙarfe biyu ne na dare, kun tsaya a wani wuri da kuka ga kamar lafiya lau ne da yamma, sai kika ji ana taɓa ƙofa ko ana zagaya motar. A mota mai jiki ɗaya, taku uku ne daga gado zuwa kujerar direba, ki murɗa makulli ki ja mota ba tare da kin buɗe ko taga ba. A akwatin da ba shi da hanya, sai kin buɗe ƙofa, kin sauko daga dandamalin da yake kusan mita ɗaya daga ƙasa, kin taka a cikin duhu zuwa gaban motar, wato sai kin fita zuwa ga ainihin abin da kike gudu. Ba sai an kai ga ɓarawo ba ma: ruwan sama mai ƙarfi, ko ambaliya da ta fara taruwa a inda kuka tsaya, ko mai gadi da ya zo ya ce a tashi, duk suna sa mutum ya gode wa wannan 'yar hanya. Akwai kuma wata fuskar da ba a cika tunawa ba, ita ce gobara. Ɗakin da ake girki a ciki, ga batura, ga wayoyin wuta, bai kamata ya kasance da mafita guda ɗaya tak ba, kuma ƙofar baya ta yawancin akwatuna, mai naɗewa sama, an ƙera ta ne a buɗe ta daga waje. Ke da za ki wuni ke kaɗai a ciki yayin da yake wurin aiki, kina da cikakken haƙƙin ki ce wannan sharaɗi ne da ba za ki sauka daga kansa ba, kuma ina ganin duk mijin da aka zayyana wa wannan hoto a natse zai gane cewa maganar tsaron matarsa ake yi.

To, ana iya huda wa akwati hanya, amma ba kowace mota ce take yarda ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ku sani kafin ku je kallon ko guda. Motoci irin su Isuzu NPR, waɗanda injinsu yake ƙarƙashin kujerar direba, ana kifa kan motar gaba ɗaya zuwa gaba ne idan makanike zai taɓa injin, don haka kan da akwatin ba a haɗe suke ba, kuma yi musu hanya aiki ne mai wuya da yakan bar kafar da ruwa da ƙura za su riƙa shiga. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu akwatin da aka ɗora a kan ƙashin ƙaramar mota, injin yana gaba, bayan kujeru yana manne da akwatin, wasunsu ma da 'yar ƙofarsu suke fitowa daga masana'anta. Idan har za a yi maganar akwati a gidanku, irin wannan kaɗai nake ganin ya cancanci ku duba.

Sai maganar nauyi da lasisi, wadda takan rusa lissafin mutane bayan sun riga sun biya kuɗi. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, lasisin ƙaramar mota galibi yana tsayawa ne a kan kilo 3,500 na jimillar nauyin da aka yarda motar ta kai, abin da ya haura haka har zuwa kilo 7,500 sai da lasisi na daban. A Amurka iyakar tana da nisa, domin lasisin manyan motocin kasuwanci yana farawa ne daga nauyin laba 26,001, wato kimanin kilo 11,800. Ku tambayi hukumar lasisi ta inda kuke, ku kuma karanta ƙaramin allon da masana'anta ta maƙala a jikin motar, inda aka rubuta iyakar nauyinta. Abin lura shi ne, akwati da kansa yana da nauyi, har ya zama mai akwatin da aka ƙayyade wa kilo 3,500 sau da yawa abin da ya rage mata na ɗauka bai wuce kilo 1,000 ba, musamman idan tana da injin ɗaga kaya a baya. A cikin wannan ne za a cire nauyinku ku biyu, da katako, da batura, da ruwa wanda kowace lita kilo ɗaya ce, da farantan rufi, da kayan aikinsa. Fili mai yawa yana jan mutum ya cika shi, sai a wayi gari an sami ɗaki mai faɗi a kan tayoyi da birkin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsu. Ku kuma kira kamfanonin inshora tun yanzu, ku gaya musu gaskiyar cewa motar kaya ce za a mayar wurin zama kuma za a riƙa ɗaukar kayan sana'a a ciki, domin wasu ba sa karɓar motar da mai ita ya gyara da hannunsa, kuma gara ku ji haka kafin saye.

Akwai tambaya ɗaya da ba ki amsa ba a wasiƙarki, kuma a ganina ita ce za ta raba gardamar: a cikin wata guda, kwana nawa motar za ta yi tana tafiya, kwana nawa za ta yi a tsaye, kuma a ina za ta tsaya? Idan aikinsa irin wanda ake yin mako uku a fili guda ne, a gona ko harabar wani gini inda aka san ku kuma aka ba ku izini, to motar ta fi kusa da ɗaki fiye da abin hawa, kuma faɗin akwati zai amfane ku kowace rana, wahalar tuƙinsa kuwa sai jefi-jefi. Idan kuwa kwana biyu nan ne, kwana uku can, a cikin garuruwa masu ƙananan tituna, kuma ke ce za ki riƙa ɗaukar motar ki je sayayya ko neman inda sabis yake da ƙarfi, to kowace rana za ki biya farashin girman nan, shi kuma yana wurin aiki bai gani ba. Ku ɗauko jadawalin ayyukansa na shekarar da ta wuce, ku ƙirga tare, kada kowa ya dogara da abin da yake tunawa.

Ga abin da nake ba ku shawarar ku yi a cikin wata huɗun nan. A makon farko, ku samo alli ko tef ku zana awon motocin biyu a tsakar ɗakinku, ku sa katifa da tebur da akwatunan kayan aikinsa a cikin zanen, ku yi wuni biyu ba ku fita daga layin ba sai da dalili. Za ki ga da idonki ko kina iya aiki a kan kwamfuta yayin da yake neman wucewa, shi ma zai ga ko ƙuncin da yake tsoro ya kai yadda yake zato. Bayan haka ku yi hayar kowace mota na kwana biyu ko uku, kuma ke ce za ki tuƙa, ki shiga kasuwa da ita, ki yi ribas, ki ajiye ta tsakanin motoci biyu, ki hau babbar hanya. Ki roƙe shi ya zauna a gefe ya yi shiru, ko kuma ki ɗauki malamin tuƙi na awa biyu, domin koyon tuƙi a hannun miji yakan haifar da wata rigimar ta daban. Shi kuma ya shiga mai jiki ɗaya mafi tsayin rufi da za ku samu, ya tsaya a kan katako mai kaurin santimita biyar, ya ga ko kansa ya tsira. Sannan ku auna kayan aikinsa a kan sikeli, ku rubuta adadin.

Idan kuka yi wannan, ina tsammanin ɗayan hanyoyi uku za ta bayyana. Wataƙila ku sami mai jiki ɗaya mai rufi mafi tsayi, irin Ducato mai tsayin ciki sama da mita 2.1, wadda za ta kashe matsalar sunkuyo, a ɗaga gado sama a yi wa kayan aikinsa ma'aji a ƙarƙashinsa mai buɗewa ta ƙofar baya, idan kuma kayan sun yi yawa a haɗa da ƙaramar tirela rufaffiya da za a riƙa kwancewa a wurin aiki, bayan an tabbatar lasisinku ya yarda da janta. Wataƙila kuma ku sami ƙaramin akwati mai hanya zuwa wurin direba, wanda bai haura iyakar lasisinki ba, a yi masa ƙofar gefe mai buɗewa daga ciki da matakala da tagogi, ki tuƙa shi ki ji hankalinki ya kwanta. Hanya ta uku ita ce ku nemi ƙarin wata biyu ko uku a gidan hayar, domin gyaran mota irin wannan yakan ci lokaci fiye da yadda ake tsammani, kuma gaggawar wa'adi ita ce take sa mutane sayen motar da ba su duba rufinta da ƙashinta ba. A tsohon akwati, ku duba kusurwoyin sama da katakon ƙasa saboda yoyo, ku kuma sani cewa rufi mai barin haske ya shigo, wanda wasu akwatuna suke da shi, yana mayar da ciki kamar tanda a lokacin zafi. A mai jiki ɗaya kuma ku duba tsatsa a ƙasan ƙofofi da kewayen tayoyi. Kowacce kuka zaɓa, kada ku kwana a ciki ko dare ɗaya ba tare da fankar rufi da na'urar gano iskar kabon monoksaid da abin kashe gobara ba, domin iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, kuma murhu ko hita a rufaffen wuri yana iya samar da ita. Idan kuma Allah ya kawo ƙaruwa a cikin shekara biyun, ku tuna cewa ba a zama a cikin akwati yayin da mota take tafiya, kujerun gaba masu bel su ne kawai wurin fasinja.

Idan kika tambaye ni inda na karkata, bisa abin da kika rubuto, na karkata ga mai jiki ɗaya mai dogon rufi, domin ke ce za ki fi daɗewa a cikin motar, ke ce za ki kasance ke kaɗai, kuma matsalar tsawonsa da kayansa tana da magani a cikin awo, alhali akwati marar hanya ba shi da maganin abin da yake damunki. Amma kada ki kai masa wannan a matsayin hukuncin da aka yanke a bayan idonsa. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki fara da gaya masa cewa kin gane ba ya son ya sa ki a ƙunci, kuma ba za ki yarda da motar da za ta sa shi sunkuyo ba, sannan ki ce ke ma kina da sharaɗi guda, shi ne ki iya isa sitiyari daga gado ba tare da kin taka ƙasa ba. Ki nemi ya rubuta sharuɗɗansa biyu ko uku da ba zai sauka daga kansu ba, ke ma ki rubuta naki, ku amince cewa duk motar da ta faɗi a ɗaya daga cikinsu ta fita daga lissafi. Bayan kun yi hayar motocin kun kuma auna kayan, ki sake rubuto mini da adadin kilo da yawan kwanakin tafiya a wata, mu duba tsarin cikin motar tare. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kuma tsare ku a hanya.